Gem na Tsakar Gida da Gem na Cikin Bargo

Gyaran fanka ne ya kai ni Maradi a ƙarshen hutun damina. Na taso daga Madarumfa da safe, na miƙa wa mai gyara ita a wani layi kusa da babbar kasuwa, ya ce in ba shi awa biyu. Duk wanda ya san masu gyara ya san awa biyunsu kan kai mutum la'asar. Ina neman inuwar da zan fake, sai na ji wani ɗan kiɗa mai tsalle-tsalle yana fitowa daga shagon da ke gefe, kiɗan da rabona da ji an fi shekara ashirin da biyar. Kafin in yi shawara da zuciyata, ƙafata ta riga ta shiga.

Shagon bai fi ɗaki guda ba. Daga ƙasa har rufi tsofaffin talabijin ne masu tudun baya, an jibga wani kan wani, ƙura ta yi musu rawani. A kan kanta an jera na'urorin gem, kowace an naɗe ta da wayoyinta an ɗaure da roba. PlayStation 2 ta fi yawa. Akwai Sega Mega Drive guda biyu, ɗaya ba murfi, da Game Boy ɗaya wadda gilashinta ya tsage, da wani kwali shaƙe da kaset masu launin ɗorawa. Can ƙurya yara uku ne a kan benci sun ƙura wa talabijin ido. Ɗaya na riƙe da abin sarrafawa, wanda yaranmu ke kira manet, biyun kuma suna ta ba shi umarnin da bai nema ba. Mario ne a fuskar talabijin ɗin, da hularsa da gashin bakinsa, yana nan yadda na bar shi.

Mai shagon ba zai wuce shekara talatin da biyar ba. Ya dubi jan biron da ke aljihuna ya ce, "Mushe, bismilla. Na yara za a saya, ko tuna baya aka zo yi?" Na ce masa fanka na kawo gyara. Ya yi dariya ya turo mini kujera.

A hirarmu ya ce yawancin kayan daga Turai suke fitowa cikin kwantena, a sauke su a Kwatano ko Lome, wasu kuma a Kano yake sarowa. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023 kaya suka yi wuya, don haka yanzu gyara ne rabin sana'arsa: ya kwance matattu uku ya tashi guda. Masu saye kuwa kashi uku ne, in ji shi. Masu buɗe gidan gem a ƙauyuka da wutar sola, sai iyayen da yara suka matsa wa lamba kuma ba su da kuɗin sabuwa, sai tsiraru irina da kiɗa ke jawowa daga titi.

Ya ce ya ji a Turai da Amurka waɗannan kayan tarihi ne, masu kuɗi ke rububinsu. Bai yi ƙarya ba. A watan Yulin 2021 an yi gwanjon kaset ɗaya na Super Mario 64 a Amurka, wanda ba a taɓa yage ledarsa ba, aka saye shi dala miliyan 1.56. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Wanda ya saya ba zai taɓa jona shi a talabijin ba, don ranar da ya buɗe ledar kuɗinsa sun narke. A can tsufan abin ne ke sa shi tsada, a nan tsufansa ne ya sa talaka ya iya kaiwa gare shi. Kuma mu har yanzu wasa ake yi da shi.

Ni a 1994 na fara ganin wannan abu. Ban manta shekarar ba saboda ita ce aka karya darajar sefa, manya na ta kukan tsadar shinkafa da sukari, mu kuma muna hutu a gidan kawuna a Maradi mun kewaye wata ƴar na'ura da ya sayo wa ƴaƴansa daga Kano. Nintendo muke ce mata. Sai da na girma na gane kwaikwayo ce irin wadda ake ƙerawa a Taiwan da Sin. A jikin kaset ɗin an rubuta wasanni dubbai, amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba su fi ƴan kaɗan ba, an dai sake musu suna ana maimaitawa. In ya ƙi tashi a zare a hura masa iska a mayar. Mu takwas ne, manet biyu. Rai uku kake da shi, in sun ƙare ka miƙa wa na gaba ka koma bayan layi, ko kai ne ɗan masu gida.

Ta asalin, wadda aka kwaikwaya, a Japan ta fito a 1983, daga kamfanin Nintendo na birnin Kyoto, wanda tun 1889 yake, kuma da kartar wasa ya fara. Sunan da suka ba ta, Famicom, gutsure ne na kalmomi biyu masu ma'anar kwamfutar iyali. Manet biyu ta zo da su, kuma a liƙe suke da jikinta da waya, ba a cire su. Wato tun daga masana'anta an ɗauka mutum biyu ne za su zauna, a ɗakin da talabijin ɗin gida yake. Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto ya biyo baya a 1985. Duniya takwas ce, kowace da mataki huɗu, gaba ɗaya 32, ka ceto gimbiya, labari ya ƙare. Dukkan wasan bai wuce kilobayit 40 ba, hoto guda da ake turo maka a WhatsApp ya fi shi nauyi.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma da tuna baya ce kawai da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa na daɗe a kan kujerar nan ina kallon yaran uku wani yaro ne na ajina.

Bara ina riƙe da aji na shida, wanda muke kira CM2. Yaron nan ba ya fita daga biyar na farko tun yana ƙananan azuzuwa. Da sanyi ya shigo sai ya fara gyangyaɗi tun kafin fita shan iska, ido ja, rubutu ya karkace. Na zaci zazzaɓi ne. Na zaci yunwa ce. Na zaci ana tashinsa da asuba zuwa lambu, kamar yaranmu da yawa a lokacin noman rani. Da abin ya kai wata biyu na aika a kira mahaifiyarsa. Ta zo da mamaki, ta ce, "Mushe, ai yaron nan ko ƙofar gida ba ya leƙawa da dare. Ana sallar isha yake shigewa ɗaki." Da alfahari ta faɗa, kuma tana da hujja, don a unguwarsu samun yaron da ba ya yawon dare abin godiya ne.

Mahaifin yana ci-rani, shi ya aiko da babbar waya don a riƙa ganin juna in ya kira. In uwar ta yi barci sai yaron ya zare ta daga inda take caji, ya shige bargo, ya toshe kunne, ya shiga irin gem ɗin harbe-harben nan da ake zuba mutane da yawa a tsibiri ɗaya ta intanet, a yi ta kashe juna har a bar guda. Yakan kai ƙarfe biyu, wani lokaci uku. Da muka ci gaba da tonawa sai ga maganar kuɗi. Jika bakwai sun ɓace daga gwangwanin da take tara kuɗin adashi, kaɗan-kaɗan, kuma ta riga ta ɗora zargin a kan wata yarinyar maƙwabta da ke taya ta talla, har iyaye sun daina gaisawa. Shi yake ɗauka yana kai wa wani saurayi, shi kuma ya zuba masa lu'ulu'u na cikin gem, ya sayi riga da hula da fentin bindiga, kayan da ba zai taɓa taɓawa da hannunsa ba.

Ban dake shi ba, ko da yake hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na tambaye shi me ya hana shi bari tun da ya ga karatunsa na zubewa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe, in ban shiga ba kwana ɗaya, kyautar ranar ta wuce ni. Kuma ƴan ƙungiyarmu cire ni za su yi." Wannan amsar ce ta dawo mini a shagon, lokacin da ran Mario na uku ya ƙare, yaron da ke riƙe da manet ya yi tsaki ya miƙa wa na kusa da shi ba wanda ya ce masa komi.

Mu iyaye da malamai mun saba haɗa su duka a kwando ɗaya, mu ce gem ne, ko dai mu hana gaba ɗaya ko mu ɗaga kafaɗa mu ce zamani ne. Ni a ganina wanda ke cikin shagon nan da wanda ke cikin wayar mahaifiyar ɗalibina suna kawai suka haɗa, kuma bambancin daga wajen kuɗi ya faro. Mai kaset sau ɗaya yake cin kuɗinka. Ranar da ka biya ciniki ya ƙare. Ɗanka ya yi awa ɗaya ko ya kwana a kai, ko dala ba za ta ƙaru a aljihun kamfanin ba, don haka ba abin da zai sa su gina wasan yadda zai hana yaro barci. Burinsu ya yi daɗi, ya ƙare, ka nemi wani kaset ɗin. Na cikin waya kyauta ake saukewa, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ba ka wasa kyauta ba shi da riba sai in kana dawowa kullum, kuma cikin masu dawowar wasu su fara biya. Daga nan kyautar kowace rana ta samo asali, wadda in ka tsallake kwana ɗaya sai ka koma farko. Daga nan aka samu zangon da ke ƙarewa bayan ƴan makonni a buɗe sabo da sabbin kaya, yadda ba ranar da yaro zai ce ya gama. Daga nan kuma akwatin sa'a ya fito: ka biya kuɗi, ka buɗe, ba ka san abin da za ka tarar ba.

Wannan na ƙarshen ba ni kaɗai ke kallonsa a matsayin caca ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin akwatunan nan da ake saye da kuɗi caca ne a dokarsu. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka kan zargin tattara bayanan yara ba da izinin iyayensu ba, da kuma tsara maɓallan saye yadda mutane ke biyan abin da ba su yi niyya ba. Waɗannan ƙasashe ne masu hukumomi da lauyoyi da iyayen da ke iya karanta abin da ke fuskar waya. A Madarumfa hukumar da ke tsakanin yaro ɗan shekara goma sha biyu da waɗannan ƙwararru ita ce uwar da ta wuni tana suyar ƙosai, ba ta karanta Faransanci balle Turanci, kuma ƙarfe tara barci ya ɗauke ta.

Sai maganar ido. Na'urar gidan kawuna ba ta iya ɓuya. Talabijin ɗaya ne a gidan, kowa ya san inda yake, ƙararsa har zaure. Matar kawu tana tuƙa tuwo tana jin mu, in ta ce a kashe an kashe. In an kira salla a kashe. In kawu ya dawo zai kalli labarun Télé Sahel a kashe. In aka ɗauke kuran kuwa ba sai an ce ba. Abin da muke gani shi manya ke gani, waɗanda muke wasa da su kuma an san iyayensu. Akwai wani na tankokin yaƙi, Battle City, wanda mutum biyu ke haɗa kai su tsare wata mikiya da ke bayan katangar bulo. In ka tafi neman suna ka bar gida a buɗe, ku duka kun faɗi, kuma ɗan'uwanka na nan kusa da kai zai gaya maka abin da ka yi. Waya kuwa fuskarta ta mutum ɗaya ce, sautinta a cikin kunne yake, tana shiga bargo, ba ruwanta da ɗauke wuta. Kuma ƴan ƙungiyar da ɗalibina ke tsoron su cire shi, bai taɓa ganin ko ɗayansu ba. Da murya suke magana. Wasu manya ne, bai san garinsu ba, bai san me suke so da shi ba.

Mai shagon ya ƙara mini wani abu da ban yi tunaninsa ba. Ya ce lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, gidajen gem da yawa da yake yi wa gyara sun rufe, yaran da ke zuwa can kuma ba gida suka koma suka ɗauki littafi ba, wayoyi suka koma, don waya da dala goma ake cajinta a wurin mai sola.

To, kada a ce Mushe ya tsufa ya fara wanke zamaninsa. Tsohon ma yana da nasa dattin, kuma na san shi da hannuna. Da aka fara buɗe gidajen gem na biya, ni ma na taɓa rage canjin aike don in samu zama, kuma na sha bulala a kai. PlayStation 2 ɗin nan da ta cika kantar shagon, wadda ta fito a 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, ita ce ta cika rumfunan da yara ke gudu daga lakwal su shige. Ƙa'idar da aka saba a wasan ƙwallo a irin wuraren ita ce wanda aka ci shi ke biya, kuma daga nan zuwa sa kuɗi a tsakiya taku ɗaya ne. Na san samarin da a can suka fara, yau suna tsaye gaban shagunan cacar ƙwallo da takarda a hannu. Zubar da jini ma ba yau aka fara ba. Mortal Kombat na 1992 na cikin waɗanda suka sa majalisar dattawan Amurka ta zauna a 1993, har aka kafa tsarin rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa a 1994. Cikin faya-fayan da na gani a kwalin shagon akwai Grand Theft Auto: San Andreas, wanda masu shi da kansu suka rubuta na manya ne, amma a rumfunanmu ɗan shekara tara ke tuƙa shi. Don haka tsufan na'ura kaɗai ba ya wanke ta. Da zarar ta bar tsakar gida ta koma rumfar da ake biya kuma ba babba a wurin, rabin abin da na yaba mata ya tafi.

Na kuma san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya: gidaje nawa ne a ƙauyukan da ke kewaye da tabkinmu suke da talabijin, balle wutar kunna shi? Yaran da ba su da allo da littafi ake yi wa maganar Mario? Ba ina cewa kowane gida ya je ya sayo ba. Gidan da yara ke da dara da langa da carafke da ƙwallon tsumma a dandali bai rasa komi ba, kuma duk abin da na yaba a tsohon gem, wato jiran layi, da shan kaye a gaban mutane, da tashi in an kira, dandali ya riga shi koyarwa. Maganata da gidajen da waya ta riga ta shiga ce, kuma sun fi yadda muke zato yawa, saboda waya kan riga talabijin shiga gida yanzu. Uban da zai ce ba shi da kuɗin abin wasa, sau da yawa shi ne ya bar babbar waya a hannun yaro da data a ciki, yana ganin ya huta.

Hanawa gaba ɗaya fa? Ƙasar Sin ta gwada abin da ya yi kusa da haka. A watan Agustan 2021 ta taƙaita wa ƴan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya, daga takwas zuwa tara na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Su suna da hanyar tilasta wa kamfanoni su duba katin shaidar mai shiga. Mu ba mu da ita. Abin da na gani a shekarun da na yi ina koyarwa shi ne yaron da aka hana a gida ba bari yake yi ba, wuri yake sakewa, ya koma wayar aboki a bayan masallaci ko kangon da ba a gama ginawa ba, inda ba idon kowa. Kuma bai kamata mu firgita mu mai da kowane yaro mai son gem majinyaci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma yawanci abin ya kai shekara guda a haka. Yaron da ya yi awa ɗaya da yamma ya tashi ya tafi ɗiban ruwa ba ya cikin wannan.

Abin da nake roƙon iyaye ƙarami ne. Waya ta kwana a ɗakin babba, ba a inda ake caji a tsakar gida ba. In yaro na gem, a zauna kusa da shi ko sau ɗaya a ce ya nuna yadda ake yi, a tambaye shi ina ƙarshensa yake, da wa yake magana, me ake saye a ciki. Ba sai ka iya karatu ba kafin ka gane amsar da ke da lauje cikin naɗi. In kuma za a kashe kuɗi a kan wasa, ni na fi yarda da tsohuwar na'urar da ke buƙatar talabijin da manet biyu da mutum biyu, wadda ba ta san hanyar intanet ba, a kan kuɗin datar da za a riƙa zubawa duk mako.

Mu malamai ma akwai namu. A makarantar horon malamai an koya mana cewa wasa hanya ce ta koyo, muka rubuta a jarabawa muka ci, muka zo aji muka manta. Na zauna ina kallon ƙaramin cikin yaran nan uku, wanda ko haruffa ban tabbata ya gama sani ba. Ya faɗa rami ɗaya sau shida. Bai yi kuka ba, bai ji kunya ba, kowane karo yana gyara inda zai yi tsalle, a na bakwai ya haye. Matakin farko na Mario ba rubutun bayani ko ɗaya a cikinsa. An ajiye ka a hagu da fili a gabanka, ka san dama za ka nufa. Abokin gaba ɗaya ya taho a hankali, ka koyi tsalle. Sai a ƙara wuya kaɗan-kaɗan. Wannan yaron in ya shigo ajina ya yi kuskure ɗaya a shifta, jan biro ne da sifili da dariyar ƴan aji, wani wurin har da bulala, kuma daga ranar ba zai sake ɗaga hannu ba. Ban ce a kai gem aji ba, da wace wutar ma. Amma na fito shagon ina jin nauyin jan biron da ya sa aka gane ni.

Cikin kwalin na ga ƴar bindigar roba ta harbin agwagi, irin wadda in ka kuskure wani kare ke leƙowa daga ciyawa ya yi maka dariya. Mai shagon ya ce, "Mushe, in talabijin ɗinka shafaffe ne na zamani, kada ka ɗauki wannan, ba za ta yi ba." Yaron shagonsa, wani ɗan shekara goma sha biyar da ya bar makaranta a aji biyar, shi ya yi mini bayani. Bindigar ba ta harba komi. Ido ne a cikinta mai ganin haske. In ka ja kunama, fuskar talabijin takan yi baƙi na ƙiftawar ido, sai farin murabba'i ya bayyana a inda agwagwar take. In idon ya ga farin a daidai lokacin, ka samu. Sabon talabijin yakan ɗan jinkirta kafin ya nuna hoto, sai lokacin ya wuce. Ya faɗi wannan yana kwance wata na'ura da sukundireba, ko ɗago kai bai yi ba. Darasin haske ne cikakke, daga bakin yaron da takardunmu suka rubuta cewa ya kasa. Abu ɗaya na ja musu kunne a kai, shi da maigidansa: gilashin tsofaffin talabijin ɗin nan akwai dalma a cikinsa, kada su riƙa fasa matattun a bayan shago inda yara ke wasa.

Ɗalibina ya gama shekarar, da ƙyar. Uwarsa ta je da kanta ta ba maƙwabta haƙuri, wayar kuma yanzu a ƙarƙashin matashinta take kwana. Ban san ko ya daina ba, na fi zaton ya rage ne.

La'asar ta yi na koma wurin mai fanka, ya ce wani ƙarfe ne babu, sai an aiko daga Kano, in dawo mako mai zuwa. Na koma shagon gem na yi ciniki, na ɗauki irin ta gidan kawuna, kwaikwayon kwaikwayo, da manet biyu da kaset ɗaya mai alƙawarin wasanni dubbai. Da na iso gida uwargida ta dubi ledar ta ce, "Malam, an aike ka gyaran fanka ka dawo da kayan wasan yara?" Na jona a tsakar gida. Muka zauna tsaron mikiya ni da ƴata ta aji huɗu, ƙanenta na jiran layi yana ƙirga mana rai. Sau biyu ina tafiya neman suna ina barin gida a buɗe. A na biyun ta ajiye manet ta ce, "Baba, kai fa ba ka tsayawa wurinka." Aka kira magariba, uwarsu ta ce a kashe.